Inuwa ta Biyu a Filin Jirgi

Ba zan tsaya ba ku labarin yadda muka bar Matameye ba. Duk wanda ya ga shekarar farin nan ya san yadda aka riƙa barin gida, a ja ƙyaure kawai a juya baya. Mijina Habu ya tafi ci-rani Kano, aka rufe iyaka yana can. 'Ya'yana na kai su Dungu wurin uwata, inda ake da sauran dusa. Ni kuma na kama hannun Gwaggo Rabi, yayar ubana, 'yar ƙauyen Tsauni, muka nufi ƙasar Makka. Ɗanta Isufu ya daɗe can yana ɗinki. Shi ya aiko a kawo masa uwarsa tun yunwa ba ta riga shi ba, ya ce ni ma ya samo mini aikin girki a wani gida, in riƙa aiko wa yara abin sawa a baki.

A lokacin yanar ido ta rufe wa Gwaggo gani. Haske da duhu kawai take rarrabewa, sai launi in ya yi ƙarfi. Amma kunnenta ya fi na kowa, bakinta kuwa ba a magana.

Wanda ya yi mana takardu wani ɗan Damagaram ne, Alhaji Mati. Ya rantse wa dangi cewa har ƙofar Isufu zai kai mu. Jirgin da ya ɗauko mu daga Yamai ya sauke mu a wani birnin Larabawa, wai a nan za mu sake wani. Ba zan kira sunan garin ba, don ban ga garin ba. Filin jirginsa kaɗai na sani, shi kuwa na san shi kamar tsakar gidana.

Alhaji Mati ya zaunar da mu ƙarƙashin wata matakala, ya miƙo mini fasfo biyu da biye biyu, wato takardun shiga jirgi. Ya ce, "Dije, riƙe nan da kyau. Bari in je in ga maganar kujerunku."

Da ya ba da baya Gwaggo ta ce, "Ke, na ji ƙarar balis, akwatin nan nasa. Da kayansa ya tafi?"

Na ce, "Da su ya tafi, Gwaggo."

Ta ce, "To, shimfiɗa mini zane. Wannan ba mai dawowa ba ne."

Har yau ban sake sa shi a ido ba. Ashe shi yana da kujerarsa, mu kuwa irin biyen da ya yankar mana, sai in jirgi ya rage wuri.

Ba mu kaɗai ba ne a gindin matakalar. Baƙaƙen fata ne birjik daga ƙasashe daban-daban, kowa da ƙunshinsa da wanda ya cuce shi. Kusa da mu akwai wata 'yar Mali, doguwa, kullum cikin baƙin shuɗi. Ta bugi ƙirjinta ta ce Fanta, na bugi nawa na ce Dije, iyakar hirarmu ke nan. Amma in ta samo burodi sai ta tsaga uku. Ni kuma in kwance ƙullin ƙuli-ƙuli in zuba mata a hannu.

Kullum da safe sai in hau sama in shiga layi gaban wani tebur mai gilashi, in miƙa fasfonmu da biyenmu. Mutumin ya duba, ya turo mini su ya ce, "Bukura." Ita ce kalmar Larabci ta farko da na koya wadda ba ta salla ba. Gobe ke nan. Gwaggo ba ta bina, don matakalar da kanta take tafiya. Sau ɗaya ta ɗora ƙafa, ta ji ƙasa na gudu da ita, ta ce ko a mafarki ba ta ƙarawa. Mutumin tebur kuwa ba ya kallonka sai da fasfo biyun a hannu. Kun ga ke nan duk safiya Gwaggo tana ƙasa ba takarda, ni ina sama da takardarta.

Ban san wannan abin tsoro ba ne sai ranar da na gani da idona. Masu kaki suka zo suna duba takardu. Wani saurayi, wansa ya tafi bayan gida da jakarsu, aka tambaye shi, ya buɗe hannu. Yana nuna hanyar bayan gida yana magiya, suka sa shi gaba har wata ƙofar ƙarfe a ƙarshen zauren, suka tura shi suka rufe. Wan ya dawo ya yi ta dukan ƙofar nan har hannunsa ya kumbura. Muna nan har muka bar wurin ba mu ga an fito da yaron ba. Wasu sun ce mota ke kwashe su ta baya. Zuwa ina, ba wanda ya sani.

Tun daga ranar ban sake barcin kirki ba. In na runtse ido sai in ga Gwaggo bayan ƙofar nan tana lalube, tana kiran sunana. Me zan ce wa Isufu? In ce ga fasfon uwarka, ita kuwa na bar ta a hanya?

To, a gida shekarar nan ta koya wa matan Matameye wata dabara. In kamyon taimako, wato babbar mota, ya zo da jar dawa, soji ke rabo. Layi na cikin tafiya sai wata ta ture wata, sai ka ji bulala ta fara sauka, kowa ya watse, uwa ta rasa 'yarta, tsohuwa ta rasa mai jan ta. Saboda haka ba ma shiga layi sai mun yanke inuwa biyu. Ta farko inda muka aje kwanuka. Ta biyu wani gawo can nesa da bulala. In an watse, kada ki nemi kowa, kada ki kira kowa, ki tafi gindinsa ki zauna, kada ki tashi ko ƙasa za ta tsage. Mai nemanki ta san inda za ta same ki. Kuma itace muke zaɓa kullum. Rumfa ana kwashe ta, bango yana da mai shi. Itace yana nan inda kakanninmu suka bar shi.

Na ce wa Gwaggo, "Sai mun yanke inuwa ta biyu."

Ta ce, "Da ma ina jira in ga yaushe hankalinki zai dawo."

Na bar ta da Fanta na shiga zagaya. Bakin bayan gida na fara dubawa, na ga nan masu kaki suka fi tsayawa. Ɗakin salla ana kulle shi tsakanin salloli. Wurin mai shayi, in ba saye kake ba, da tsumma yake korarka kamar ƙuda. Can ciki na tarar da wata ƙofar gilashi. Na leƙa, na ga darduma har bango, kujeru masu laushi kamar an hura su, sanyi na fitowa ta ƙasan ƙofar yana lasar mini ƙafa. Ɗakin jiran manya ne. Na ce a raina nan kam ba mai tambayar mutum takarda. Ban gama tunanin ba mai gadin ya kaɗa mini hannu yadda ake kaɗa wa kaza.

Ina dawowa na gan shi. Itace, a cikin ɗaki, jikin wani ginshiƙi. Ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, ganyensa kamar na ceɗiya, kore shar, a cikin wata farar tukunya da ta kai ni ƙugu. Ba wani irinsa a duk zauren. Kuma kore ne, launin da idon Gwaggo ke iya kamawa.

Na jawo ta na kawo ta. Ta miƙa hannu ta shafa ganyen, ta murza ɗaya ta kai hanci.

"Ɗanye ne, Dije."

"Ɗanye ne, Gwaggo."

"Da Kyalla ta ga wannan da ba ta mutu ba." Akuyarta ke nan, wadda ta rage mata ta ƙarshe. Sai ta cusa yatsa cikin ƙasar tukunyar ta ja tsaki. "Ji nan, ƙaƙas. Suna da ruwa har a bayan gida yana zuba ba mai tarewa, sun bar bawan Allah da ƙishirwa."

Na ce, "Ba shayarwa na kawo ki ba. Ki ji ni da kyau. In aka watse ina sama, nan za ki zo. Ki dafa bango da hannun dama, ki wuce ƙanshin shayi, sai ki ga kore. Ki zauna gindinsa, kada ki rabu da shi. Ko wa ya ce ki tashi, kada ki tashi."

"Ni za ki koya wa? Ina yanke inuwa tun uwarki ba ta yi haƙori ba."

Duk da haka na sa ta bi hanyar, ta je ta dawo, ta je ta dawo, har ƙafarta ta haddace. Ita kuma ta mai da shi aikinta. Duk alwala sai ta sa na cika buta, ta lallaɓa ta juye masa. Na ce ya isa haka, ruwan har ya fara tsattsafowa ta ƙasa. Ta ce in bar ta, ita ta san abin da ƙishirwa take.

Ranar da abin ya faru ina sama cikin layi, hantsi ya ɗaga. Sai na ji usur, na ji ihu. Na leƙa ta kan ƙarfen da ke bakin benen, na ga soji sun jeru sun taho da sanduna, suna kora mutane kamar ana kora tumaki daga gona. Bayansu wasu na warware jar darduma. Wani babba ne zai sauka, ba a so ya ga irinmu a kwance.

Na bar layi na ruga. An tsayar da matakalar, soja ya gicciya bindiga a bakinta. Na nuna masa ƙasa, na ce, "Gwaggona! Tsohuwa! Ba ta gani!" Ko kallona bai yi ba. Ina tsaye ina jin ihun yana nisa, ina ganin ana jan waɗanda ba su da takarda zuwa ƙofar ƙarfe. Na riƙa cewa a raina, ta san hanya, ta san hanya, bango, shayi, kore.

Da aka buɗe hanya ban san yadda na sauko ba. Gindin matakala wayam, har an goge wurin. Ban tsaya ba, na bi bango, na wuce mai shayi, na ɗaga kai.

Ba itace.

Ginshiƙin na nan. A ƙasa ga wani zobe na laka inda tukunyar take. Amma itace babu, Gwaggo babu. Na zagaya ginshiƙin, na sake zagayawa, kamar zai fito ta baya. Kada wani ya ce mini wauta na yi. Wa ya taɓa ganin itace ya tashi daga inda yake? A garinmu ko ɓarawo sai ya zo da gatari, kuma ya bar kututture.

Na ruga ƙofar ƙarfe na shiga duka da hannu biyu. Wani ya buɗe kaɗan. Na buɗe fasfon Gwaggo na tura masa hoton a fuska. Ya ɗaga kafaɗa. Ta ƙarƙashin hammatarsa na hango mutane zube a ƙasa, da wata ƙofa a buɗe ta baya, mota na tsaye tana hayaƙi. Na ƙwala kira, "Gwaggo Rabi! 'Yar Tsauni!" Ba amsa. Ya rufe. Na ji motar ta tashi.

Masu takarda kuwa waje aka tura su, cikin rana, bayan gilashi. Can na hango shuɗin Fanta. Ƙunshinmu na kanta, ta tsira da shi tare da nata. Tana ganina ta shiga buga gilashin. Ta duƙa ta yi tafiyar tsohuwa. Ta miƙe ta ɗaga hannuwa sama ta baza yatsu. Sai ta yi kamar tana tura wani abu mai nauyi, ta nuna can ciki. Ni dai turin kawai na gane, na ɗauka cewa take an tura Gwaggo cikin mota. Na ɗora hannu a ka. Fanta ta buga ƙafa, ta sake baza yatsu, ta nuna ƙasa, ta nuna idonta, ta nuna ƙasa.

Na koma gindin ginshiƙin na duba ƙasa, yadda ake duba sawun akuya in ta ɓace. Daga zoben lakar nan sai ga wasu siraran layuka biyu, jiƙaƙƙu, sun miƙe bisa daɓen mai sheƙi. Ashe tukunyar a kan 'yan tayoyi take, a ɓoye ƙarƙashinta. Ruwan da Gwaggo ta yi ta ɗura mata shi ke ɗiga, tayoyin na jan sa. Gaba kaɗan ga ganye ɗaya. Gaba kuma ga takalminta na hagu.

Na ɗauki takalmin na bi sawun ina gudu ina duƙe, kada ya bushe kafin in kai ƙarshensa. Ya bi ta gefen jar darduma, ya karya kwana, ya tsaya cak a bakin ƙofar gilashin nan ta manya.

Yanzu ba mai gadi ɗaya ba ne, soja biyu ne da bindigogi. Ni kuwa tun da soji suka karɓi ƙasarmu ban taɓa kallon mai kaki cikin ido ba. In na hango su a hanya, sauka nake cikin gona. Na tsaya da takalmi a hannu. Sai aka buɗe ƙofar za a shiga da faranti, na ji wata murya daga ciki, da Hausar Tsauni tsantsa:

"Kai, yaro, kada ka taɓa ni, ina da alwala!"

Ban san lokacin da na bi ta ƙarƙashin hannun sojan ba. Na ji ya damƙi mayafina, na bar masa shi.

Ga manya zaune cikin kujeru, wasu da kaki wasu da kwat, kowa ya juyo. Ga itacen an kafa shi kusa da kujerar da ta fi kowacce girma, don ya yi wa babban baƙo ado. Ga Gwaggo a gindinsa bisa darduma, ta miƙe ƙafa, ta zagaye tukunyar da hannu ɗaya. Ɗankwalinta ya zame, gwiwarta na jini. An aje mata kwalbar ruwa a gefe, ba ta taɓa ba.

Na ce, "Gwaggo."

Ta juyo da kunne. "Dije? Ina kika tsaya? Itacen nan naki ba ya zama wuri ɗaya."

Na zube a gabanta, na kasa ko kuka. Na sa mata takalmin. Sai da na taɓa ta na ji ashe duk jikinta kaɗawa yake, bakin ne kawai bai sani ba.

Daga baya ta ba ni labari. Tana jin usur ta dafa bango ta tafi, ta sami korenta ta zauna. Sai ta ji tukunya na janyewa daga bayanta. Ta ɗauka jiri ne, ta kama bakin tukunyar. Masu turawa suka yi ta ɓamɓare mata yatsu, ta ciji ɗaya. Su kuma sauri suke kada baƙo ya riga su, sai suka tura da ita a manne, tana tafiya tana faɗuwa tana tashi. Ta ce, "Kin ce kada in rabu da shi. Ba ki ce in ya tashi in zauna ba."

Sojan ƙofa ya shigo zai fitar da mu, babban ya ɗaga masa yatsa. Wani ƙato ne, ƙirjinsa cike da ƙarafa. Ya miƙo hannu yana nuna fasfon da ke hannuna. Na miƙa, amma ban saki gefena ba, sai da ya ja. Ya dubi hoton, ya dubi Gwaggo, ya faɗi wata magana, duk ɗakin aka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Ya kira wani mai kwat ya ba shi biyenmu. Ina kallon takardun nan suna fita daga ɗakin, raina na bin su. Jim kaɗan aka dawo da su da rubutu a kai. Mai kwat ya nuna agogonsa, ya nuna sama. Bai ce bukura ba.

Gwaggo ta yi ta sa wa babban albarka, har da 'ya'yansa da jikokinsa. Ni ban gode masa ba. Saboda shi aka kore mu, saboda shi motar nan ta tashi da 'ya'yan mutane. Yatsa ɗaya ya ɗaga aka samo mana kujera, kujerar da na yi ta hawa bene ina roƙo.

Da za mu fita Gwaggo ta ce in dakata. Ta laluba ta ɗauki kwalbar ruwan da suka ba ta, ta ce in buɗe mata. Na ɗauka sha za ta yi. Ta juye ta duka cikin tukunyar, ruwa ya tsattsafo ya jiƙa musu darduma. Ta shafa ganyen ta ce, "To, bawan Allah, ka kawo ni. Sauran kuma tsakaninka da su."

Fanta ta miƙo mana ƙunshinmu ta bakin ƙofa. Na ba ta sauran ƙuli-ƙulin da butar, ba ni da abin da ya fi su. Ta kama fuskata da hannu biyu ta yi magana mai tsawo da yarensu. Muka bar ta nan cikin rana. Ban san ranar da nata jirgin ya rage wuri ba, kuma ba sallar da nake yi ban sa ta ciki ba.

Da la'asar muka tashi. Na damƙa wa Isufu uwarsa hannu da hannu, da fasfonta, da gwiwarta ɗaure da tsumma. A ɗakinsa ta cika bayan shekaru, a can aka rufe ta. Ni na yi girkina na dawo, na tarar da yarana da rai.

Yanzu ba kamyo, ba bulala. Amma in zan shiga kasuwa da jikokina, sai na yanke musu inuwa ta biyu. Kuma kafin in ce ga ta, sai na je gindin itacen na sa kafaɗa na tura shi da ƙarfi. Suna ta dariya, wai Kaka na kokawa da gawo. Su yi ta yi. In bai motsa ba, sannan in ce, to, nan.